Na Zaune Bai Ga Gari Ba: Raddi Ga Masu Kiran Ziyarar Gwilin Yawon Banza



Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa sauka birnin Gwanzu na ƙasar Sin ya riƙe takardar yuwan 20 a hannunsa. Ya biya kuɗin mota da ita, ya sayi shayi da ita, ya karɓe ta canji a kantunan unguwar Shiyawbe. A bayan takardar akwai zanen wani kogi kwance lumui, da duwatsu tsaye a gefensa kamar an jera rumbuna, da masunci guda a kan ɗan jirginsa. Wurin nan yana nan da gaske. Kogin Li ne, daidai garin Shingping a yankin Gwilin, kuma jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum can daga Gwanzu cikin ƙasa da awa uku. Duk da haka, cikin waɗanda suka shekara goma suna zirga-zirga tsakanin Kumasi da Gwanzu, ƙalilan ne suka taɓa leƙawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba, domin kowa da abin da ya fitar da shi daga gida. Abin da ya sa mu rubutu shi ne yadda 'yan ƙalilan ɗin da suka je suka zama abin zunɗe a majalisu. Ana cewa sun yi yawon banza, sun zubar da jari, sun koyi halin Nasara na biyan kuɗi don kallon dutse. Masu wannan magana ba yara ba ne, cikinsu akwai dattawan da muke girmamawa. Tare da girmamawar muke cewa sun yi kuskure, kuma kuskuren yana jawo wa al'ummarmu asarar da ba a rubuta ta a littafin ciniki.

Bari mu fara da abin da ke can, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ƙasar Gwilin, a lardin Gwangshi na kudancin Sin, shimfiɗe take a kan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Masana ilimin ƙasa sun ce a ƙarƙashin teku wannan dutse ya taru, fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, daga ƙwarya da ƙasusuwan halittun ruwa, kuma har yau ana ganin sawunsu a jikinsa. Ruwan sama, idan ya ratso iska ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, yakan ɗauki iskar kabon ya yi ɗan tsami, kuma wannan ɗan tsamin ya isa ya narkar da dutsen farar ƙasa sannu a hankali. Ruwan yakan bi tsaga ya faɗaɗa ta, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har kogi sukutum ya nutse cikin ƙasa ya ci gaba da gudu a cikin duhu. Inda rufin kogo ya rufta sai kwari ya buɗe. Abin da ruwa bai cinye ba shi ne ya rage tsaye, wato duwatsun nan masu kama da rumbuna da hasumiyoyi, dubbai, a tsakiyar gonakin shinkafa.

A cikin kogon kuma aikin juyawa yake yi. Ɗigon ruwan da ya narkar da dutse a sama, idan ya iso sararin kogo sai ya saki iskar da ya ɗauko, ya bar ɗan ƙwayar farar ƙasa a rufi, ya bar wani a inda ya faɗo. Da haka haƙoran dutse ke saukowa daga sama, wasu na tasowa daga ƙasa, har su haɗu su zama ginshiƙi. A wurare da yawa tsawon ɗan yatsa guda yana cin ɗaruruwan shekaru. Kogon Sarewa, mai nisan kimanin kilomita 5 daga tsakiyar birnin Gwilin, ya sami sunansa daga kyauron da ke fitowa a bakinsa, wanda ake yin sarewa da shi. A bangonsa akwai rubuce-rubucen tawada fiye da 70 na matafiyan da, mafi tsufa daga shekarar 792, zamanin daular Tang. A lokacin yaƙi da Japan mutanen gari sun fake a kogwannin yankin don tsira daga bama-bamai, kuma a 1962 aka buɗe wannan kogo ga baƙi. A kogon Gwanyan da ke gaɓar kogin Li, cikin kwale-kwale ake bin ruwan da ke gudu a ƙarƙashin dutse. Tafiyar jirgin ruwa daga Gwilin zuwa Yangsho kimanin kilomita 83 ce, awa huɗu zuwa biyar. A 2014 hukumar UNESCO ta shigar da yankin cikin jerin wuraren gadon duniya. Wannan shi ne abin da ake kira kallon dutse.

Hujjar farko da masu suka ke kawowa ita ce almubazzaranci. Suna cewa kuɗin da mutum ya ɗauko daga gida na kaya ne, wani ma na amana ne. Game da kuɗin amana ba mu da jayayya ko kaɗan: wanda aka ba shi kuɗin wani ya sayo kaya, haramun ne ya taɓa ko sisi don nishaɗinsa. Amma wanda zai kashe daga aljihunsa fa? Kowa ya san yadda zaman Gwanzu yake. Ka ba masana'anta oda, a ce ka jira mako guda ko biyu. Ka gama saye, ka zauna jiran ranar lodin kwantena. Babbar kasuwar baje kolin birnin, wadda ake ci sau biyu a shekara tun 1957, kashi uku take, kuma tsakanin kashi da kashi akwai kwanakin hutu. A waɗannan kwanaki ɗan'uwanmu yana kwance a masauki, yana biyan kuɗin ɗaki, yana latsa waya. Tun Disambar 2014 aka buɗe layin dogo mai gudu da ya bi ta Yangsho da Gwilin. Babban kuɗin, wato na biza da jirgin sama daga Akara, ya riga ya biya shi. Abin da ya rage kuɗin jirgin ƙasa ne da kwana biyu a masauki mai sauƙi.

Sa'an nan muna tambaya, da wane ma'auni ake auna almubazzarancin? A zangonmu ana ɗinka anko kala uku a biki guda. Ana hayar rumfa da makaɗa a suna, ana liƙa sidi a goshin maroƙa har ƙasa ta rufe. Ba mu ji an kira taron majalisa a kan haka ba. Sai wanda ya kashe abin da bai kai kuɗin anko ɗaya ba don ya ga yadda Allah ya sassaƙa dutse da ɗigon ruwa, shi ne mubazzari? Malamai sun bayyana israfi da cewa kashewa ne a inda bai dace ba, ko wuce iyaka a inda ya dace. Wanda ya sauke nauyin iyalinsa, ya biya bashinsa, ya fitar da zakkarsa, bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba saboda ya hau kwale-kwale.

Hujja ta biyu ita ce wai wannan ba al'adarmu ba ce. A bakin ɗan zango wannan magana ta fi kowace ba da mamaki. Da ƙafa kakanninmu suka iso nan. Fataken Gwanja sun yi watanni a hanya daga Kano da Katsina zuwa Salaga, da jakuna da kanwa, su koma da goro. Ba kaya kaɗai suka riƙa ɗauka ba, sun san sunan kowane rafi da mashigarsa, sun san wace ƙabila ke bakin wane dutse da abin da take ci da abin da take ƙi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga ya zama limamin Kete Karaci har rasuwarsa a 1934, ya bar mana rubuce-rubuce da Hausar ajami a kan ƙasashe da mutane da sana'o'i, waɗanda masana ke karantawa har yau. Ibn Batuta ya bar Tanja a 1325, ya kai Sin ya ba da labarin birnin da muke kira Gwanzu yanzu, daga baya ya ratsa Mali da Takadda har ya ambaci Gobir. Ba za mu kafa hujja da maganar nan da ake yawan jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da neman ilimi a Sin ba, domin malaman hadisi sun raunata ta. Ba ma bukatarta. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya san a wurare da dama an umurci mutane da tafiya a bayan ƙasa da dubawa, kuma an ja hankali ga duwatsu da ƙoramu da ruwan da ke shiga ƙasa ya fito a idanu.

Su ma mutanen Sin suna da nasu. Shu Shiyake, wanda ya rayu daga 1587 zuwa 1641, ya iso Gwangshi a 1637, ya shiga kogwanni masu yawa da wutar yula a hannu, yana aunawa yana rubutawa, har ya gane cewa ɗigon ruwa ne ke gina haƙoran dutse. Ranar da littafin tafiyarsa ya fara, 19 ga Mayu, ita ce Sin ta mayar ranar yawon buɗe ido ta ƙasa. Mutumin da ya yi tafiya ya duba ya rubuta, sun ɗaukaka shi. Mu namu mun sa masa suna mai yawon banza. To wace ce baƙuwar al'ada a nan: tafiya da buɗaɗɗen ido, ko tafiyar da mutum zai keta rabin duniya sau ashirin ya dawo bai san komai ba sai farashin tayil da takalmi?

Hujja ta uku ita ce ta addini, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana cewa can babu masallaci, babu halal, sai giya da tsiraici. Akwai gaskiya a wani ɓangare, kuma ba za mu ɓoye ba. Shahararren abincin Yangsho kifi ne da ake dafawa da giya. Taliyar shinkafar Gwilin sau da yawa da romon alade ake haɗa ta. Titin Yamma na Yangsho da dare cike yake da mashaya da kiɗa. Amma waɗannan duka akwai irinsu a Gwanzu, akwai su a Akara, kuma ba su hana kowa zuwa fatauci ba. Abin da masu suka ba su faɗa shi ne Musulmi 'yan ƙabilar Hui sun daɗe a Gwilin. Masallacin Congshan yana tsakiyar birnin tun ƙarni na 18. Janar Bai Congshi, wanda ya zama ministan tsaron Sin a 1946, Musulmi ne haifaffen wannan yanki. Gidajen abincin Musulmi suna ɗauke da alamar da ake karantawa cingjan, wadda kowane ɗan kasuwarmu ya riga ya saba da ita a Shiyawbe. Shari'a kuma ta yi wa matafiyi sauƙi: tafiyar ta zarce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma babu bakin kogin da ba a iya shimfiɗa darduma. Wanda ya riƙe sallarsa a tsakiyar kasuwar Gwanzu zai riƙe ta a gindin dutse.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Kogin Li ba haka kawai ya kasance garai-garai ba. A farkon shekarun 1970 masana'antun Gwilin suna zuba masa dagwalo. A Oktoban 1973 Deng Shiyawping ya raka firaministan Kanada, Piya Turudo, yawo a kogin, ya ga halin da ruwan ke ciki, ya nuna ɓacin ransa. A shekarun da suka biyo baya aka rufe wasu masana'antu, aka kwashe wasu. Daga baya aka hana fasa duwatsun gaɓar kogin, ana kuma sakin ruwa daga madatsun da ke sama a lokacin rani don kada ya ƙafe. Dalilin wannan tsanani a fili yake. A ƙasar da ruwa ya rarake, babu yashi ko laka mai kauri da za su tace ƙazanta. Abin da aka zuba a rami yau, gobe yana cikin rijiyar ƙauyen da ke gaba. Sun kuma lissafa sun ga dutsen da aka fasa sau ɗaya ake sayar da shi, wanda aka bari tsaye kuwa miliyoyin baƙi ke biya su gan shi kowace shekara.

A wannan lardi na Gwangshi ɗin dai akwai wata gunduma mai suna Shanglin. Daga can mafi yawan 'yan Sin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suka zo Gana, har a 2013 gwamnati ta mayar da dubbansu gida. Kogin Ofin, wanda daga madatsarsa ta Barekese mutanen Kumasi ke sha, bi shi zuwa Dunkwa ka ga yadda ya koma kamar kunun kanwa. Haka Pra, haka Ankobra, haka Birim. Ba muna ɗora laifin a kan baƙo shi kaɗai ba, domin baƙo bai san hanyar daji ba sai da ɗan gari. Akwai wanda ya sayar da fili, akwai wanda ya sa hannu a takarda, akwai wanda ya shigo da injin da kayan gyaransa a kwantena. Ba kuma muna wanke gwamnatin Sin ba ne, tana da nata abin da za ta amsa. Abin da muke cewa shi ne, ɗan kasuwar da ya ga kogin Li da idonsa, ya ga ana hango duwatsun ƙasan ruwa daga cikin jirgi, ba zai ƙara yarda da mai ce masa lalacewar kogi ita ce kuɗin da ake biya kafin a ci gaba ba. Gani ya kori ji. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, ba mu da sarautar ƙasa, amma ruwan famfo ɗaya muke sha da kowa, kuma da shi muke alwala. Muna bukatar mutanen da za su iya miƙewa a taron unguwa su ce mun ga inda aka ceto kogi, ga kuma yadda aka yi.

Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Akwai wani mai zuwa Gwilin da ba mu kare shi a wannan rubutu: wanda ya je don hoto kawai. Ya sauka, ya ɗaga takardar yuwan 20 daidai dutsen, aka ɗauke shi, ya ɗora a Facebook, ya koma tasha. Masu harkar baƙi sun san irinsa, sun kuma tanadar masa abin da yake so. An haska Kogon Sarewa da fitilu ja da kore da shuɗi, an laƙaba wa kowane ginshiƙi suna don a ce ya yi kama da zaki ko fada. Masuntan da a da suke kamun kifi da baƙin tsuntsun ruwa mai nutso, suna ɗaure masa wuya don kada ya haɗiye babban kifi, yawancinsu yanzu hoto suke sayarwa. Jiragen da ake kira na gora a kogin Li, da yawansu bututun roba ne da inji, sai a ƙaramin kogin Yulong ake samun na gora na ainihi da ake turawa da sanda. Duk wannan gaskiya ne. Amma fitilar ba ta canja shekarun ginshiƙin ba, kuma mai hankali yana iya kau da kai daga kalar ya tambayi yadda abin ya samu. Idan masu suka suna da abin faɗa, a kan wannan mutum ya kamata su faɗa, su ce masa ya je bai gani ba. Maimakon haka sai suka haɗa shi da mai lura suka yi musu kuɗin goro.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Wanda Allah ya hore wa zuwa Gwanzu, kuma kwanakin jira suka same shi, ya ware biyu ya je, da kuɗinsa na halal. Ya san lokaci: daga Afrilu zuwa Yuni damina ce, ruwa kan yi yawa har a dakatar da jirage, a tsakiyar hunturu kuma yakan ja baya. Ya guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, sa'ad da cunkoso ke hana sakat. A cikin kogo kada ya taɓa dutse, domin maiƙon hannu yana ɓata aikin da ɗigo ya yi ƙarnuka yana yi, kada kuma ya ɓalli ko ƙwaya don tsaraba. Ya nemi masallaci ya gaisa da 'yan'uwa. Idan ya dawo, ya zauna ya rubuta abin da ya gani da Hausa, da boko ko da ajami, ya kawo a karanta wa yaran makarantunmu. Yaron zango da ke haddace darasin duwatsu da Turanci don cin jarrabawa, bai taɓa jin wani baba nasa ya ce na shiga kogin da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa ba.

Wanda kuma bai da halin zuwa Sin, ba a rufe masa ƙofa ba. Tafkin Bosomtwe yana nan kimanin kilomita 30 daga Kumasi, a cikin ramin da wani dutse daga sama ya faɗo ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, masana na zuwa daga nesa don su nazarce shi. Mutum nawa ne a zangonmu aka haifa a Kumasi, suka yi furfura a Kumasi, ba su taɓa tsayawa a bakinsa ba? Halin da ya hana wancan zuwa Gwilin shi ne ya hana wannan zuwa Bosomtwe, kuma shi ne ya sa koguna ke mutuwa a kusa da mu muna cewa ba ruwanmu.

Ga iyayenmu masu suka kuma, Allah ya ƙara muku girma, muna roƙo ku sassauta harshe. Idan ɗanku ya dawo ya ce ya je kallon duwatsu, kafin ku tambaye shi nawa ya kashe, ku tambaye shi me ya gano. In ya kasa amsawa, ku yi masa faɗa, mu ma za mu taya ku. In kuwa ya amsa, ku matsa masa a tabarma ya zauna, a kira yara su saurara.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya amfanar da mu da abin da suka gani. Wassalam.